Yadda Ake Zaɓen Kwalbar Ruwan Inabi Mai Gas Don Kyauta da Kuɗi Kaɗan

Bahaushe, a gida yake ko a Makka, ba ya son shiga gidan mutane hannu rabbana, musamman idan ziyarar ta barka ce, ko ta gaida surukai, ko kuma an gayyace shi cin abinci a gidan da yake jin nauyinsa. Abin da aka saba riƙewa a nan Saudiyya shi ne dabino, ko kwalin cakulan, ko farantin kayan zaƙi na Larabawa, ko turaren wuta. A 'yan shekarun nan kuma doguwar kwalbar nan mai naɗin takarda mai ƙyalli a wuya, wato ruwan inabi mai gas wanda babu barasa a cikinsa, ta shiga sahun kayan da ake kaiwa, domin tana da kwarjini a ido, ana iya buɗe ta a sha tare nan take, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne kwalaben da ake jerawa a kanta ɗaya sun yi kama da juna ƙwarai, alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban, kuma farashi ba ya gaya wa mai saye wacce ta fi. Wanda ya san abin da zai karanta a bayan kwalba, ya kuma san gidan da zai kai ta, yana iya fitowa daga kanti da kyautar da ba zai ji kunyar miƙawa ba, a kan kuɗin da bai wuce na abincin rana ba.

Yana da kyau mai saye ya fara sanin inda siffar kwalbar ta samo asali, domin daga nan ne yawancin tambayoyin suke tasowa. An aro ta ne daga giyar yankin Shampen da ke arewa maso gabashin Faransa, wadda ake sake tsima ta a cikin kwalba bayan an rufe, har iskar da ke taruwa a ciki ta ninka ƙarfin iskar waje sau biyar zuwa shida. Wannan ƙarfin ne ya sa ake yin kwalbar da kauri, ake loɓa gindinta, ake kuma ɗaure murfin da waya. Italiya tana da irin tata da ake kira Prosecco, Sifaniya kuma tana da Cava, kuma dukkansu giya ce mai sa maye wadda Musulmi ba ya saye, ba ya sha, ba ya bayarwa. Imamu Malik da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani mutum ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, salkar giya a matsayin kyauta, sai ya tambaye shi ko bai san Allah ya haramta ta ba, da mutumin ya yi shawarar sayar da ita kuma sai aka gaya masa cewa wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita, nan take ya kwance bakin salkar ya zubar. Saudiyya ta hana giya a hukumance tun 1952, zamanin Sarki Abdul'aziz, saboda haka abin da mutum zai tarar a manyan kantuna irin su Panda da Danube da Bin Dawood da Othaim da Lulu kaya ne da ke ƙarƙashin sa idon Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar. Wannan ya rage wa mai saye fargaba mai yawa, amma bai ɗauke masa aikin dubawa ba, saboda kalmar “babu barasa” tana rufe abubuwa uku da ba ɗaya ba ne.

Na farko, kuma shi ne nake ba kowa shawarar ya nema, shi ne ruwan inabi ko na tuffa zalla wanda ba a taɓa barin sa ya tsima ba. Ana matse 'ya'yan itacen, a tace ruwan, a ɗumama shi gwargwadon yadda ƙwayoyin yis da ke mayar da sukari barasa za su mutu, sannan a cusa masa gas da inji kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Dabarar ta daɗe, domin tun 1869 wani likitan haƙori mai suna Thomas Welch a jihar New Jersey ta Amurka ya yi amfani da hanyar ɗumamawa ta Louis Pasteur ya hana ruwan inabi tsima, saboda shi mai ƙyamar giya ne, kuma daga nan sunan Welch's ya samo asali. Appletiser na Afirka ta Kudu, wanda aka fara yi a 1966, shi ma daga wannan gida yake, sai dai na tuffa ne. Irin wannan abin sha bai taɓa zama giya ba ko na minti ɗaya, don haka babu wani malami da zai ɗaga gira a kan abin da ke cikinsa, yaro da babba kowa yana iya sha.

Na biyu shi ne wanda aka fara yin sa giya sosai, ya tsima ya gama, sannan aka cire barasar da na'ura, ko dai ta hanyar turara shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska domin barasar ta tashi ba tare da zafi mai yawa ba, ko ta hanyar tace shi da wata matata mai ƙananan ƙofofi. Ana gane shi da kalmomin “dealcoholised” ko “alcohol removed” a Turance, ko “manzu'ul kuhul” a Larabce, kuma sau da yawa za a ga sunan nau'in inabi kamar Chardonnay a fuskar kwalbar, ko kalmar “brut” wadda masu giya ke nufin marar zaƙi da ita. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ana iya kiran abin sha wanda aka cire wa barasa ko da akwai saura har rabin kashi ɗaya cikin ɗari a cikinsa, shi ya sa wata kwalbar take ɗauke da 0.5% wata kuma 0.0%. A nan ne malamai suka saɓa. Wasu suna duba abin da ya rage a kwalbar, su ce tunda mai yawansa ba ya sa maye to hukuncin giya bai hau kansa ba, suna kafa hujja da ma'anar hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗansa ma haramun ne. Wasu kuma suna duba asalinsa, su ce an yi giya da gangan kafin a kai ga wannan, kuma Muslim ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko a mayar da giya ruwan kal, ya ce a'a. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya bi wannan ra'ayi na biyu a 2011. Ba aikina ba ne in yanke hukunci a tsakanin malamai, amma a matsayin kyauta maganar a bayyane take a wurina: bai dace mutum ya ɗauki abin da ake saɓani a kansa ya ajiye a gaban wanda bai san ra'ayinsa ba. Ga shi kuma irin wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba, ɗanɗanonsa yana da tsami da ɗan bauri, kuma harshen da ya saba da zoɓo da kunun aya ba kasafai yake jin daɗinsa ba. Mai neman kyauta mai sauƙin kuɗi ba shi da dalilin tsayawa a gabansa.

Na uku shi ne mafi yawa a kanta kuma shi ya fi kama mutane: ruwa ne da sukari da kala da ƙamshin inabi, da ɗan ruwan 'ya'yan itace kaɗan ko babu sam, aka zuba a kwalba mai ado. Halal ne, babu laifi a shan sa, amma lemon kwalba ne kawai aka sayar da shi a farashin da ya ninka nasa.

Hanyar rarrabe waɗannan ukun ba ta buƙatar komai sai juya kwalbar. Ka ɗauke ta daga kanta, ka bar hoton zangarniyar inabi da rubutun zinare da ke gaba, ka nemi ƙananan haruffan da ke baya inda aka rubuta “al-mukawwinat”, wato abubuwan da aka haɗa. Ƙa'ida ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka kalmar farko ita ce mafi muhimmanci a duk jikin kwalbar. Idan ka ga an fara da ruwan inabi, aka bi shi da iskar gas, wataƙila da sinadarin bitamin C ko na tsamin lemo, jerin ya ƙare a layi ɗaya ko biyu, to ka samu abin da kake nema. Idan kuwa an fara da ruwa, sukari ya biyo baya, ruwan inabi ya zo na uku da kashi 10 ko 20 cikin ɗari a gefensa, to ka mayar da ita inda ka ɗauko, sai dai in farashinta na lemon kwalba ne. Larabcin da ke gaba ma yana taimakawa, domin “asir” shi ne ruwan 'ya'yan itace zalla, “nektar” wanda aka sirka da ruwa da abin zaƙi ne, “sharab” kuma shi ne mai ɗan kaɗan. Kada kalmar “min murakkaz” ta tsorata ka. Ma'anarta an ƙafar da ruwan ya yi kauri domin sauƙin jigila, daga baya aka mayar masa da ruwan da aka cire, kuma idan an rubuta kashi 100 cikin ɗari to ruwan inabi ne har yanzu, ko da yake wanda aka matsa kai tsaye ya fi shi ƙamshi, ya kuma fi shi kuɗi.

Akwai lambobi biyu ko uku da ya kamata ido ya saba da su a wannan jeri. E220 zuwa E228 sinadaran salfa ne da ake sakawa domin kada ruwan ya lalace ko ya sauya launi, kuma suna tayar wa wasu masu ciwon asma da ciwonsu, shi ya sa ake wajabta bayyana su idan sun wuce miligiram 10 a lita. Idan ka san akwai mai asma a gidan, ka nemi kwalbar da babu su. E120 jar kala ce da ake samu daga jikin wani ƙwaro, kuma akwai mutanen da ba sa son ta ko don addini ko don ƙyanƙyami, alhali E163 daga bawon 'ya'yan itace kamar inabi ake samun ta, babu abin damuwa a cikinta. Sai kuma kwanan wata. Ruwan inabi ba ya ƙara kyau da daɗewa, gas ɗinsa raguwa yake yi, ƙamshinsa yana dusashewa, farin kuma yana komawa ruwan ƙasa. A cikin kwalabe biyu iri ɗaya, ka ɗauki wadda “tarikhul intaj” ɗinta, wato ranar da aka yi ta, ya fi kusa da yau. Yawancin rangwamen da ake yi mai yawa a kan irin waɗannan kaya yana zuwa ne lokacin da kwanan ƙarewarsu ya matso, wanda babu laifi a ciki idan a daren za a sha, amma kyautar da mai gida zai iya ajiyewa sai Sallah tana buƙatar sauran watanni a gabanta.

Maganar sukari tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda a nan ne mai kyakkyawar niyya yake iya cutar da wanda yake son girmamawa. Rubutun “bidun sukkar mudaf” yana nufin ba a ƙara sukari ba, ba ya nufin babu sukari. Inabi yana cikin 'ya'yan itatuwa mafi zaƙi, ruwansa yana ɗauke da kusan giram 15 na sukari a kowace mililita 100, wanda ya zarce na yawancin lemukan kwalba da ke kusan giram 10 zuwa 11. Ƙaramin kofi ɗaya mai cin mililita 125 ya kusa giram 20 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kusan giram 50 na irin wannan sukari a yini, ta ce ma rabin haka ya fi. Ciwon sukari ya yi yawa a tsakanin dattawanmu a nan, kuma dattijon da aka kawo wa kyauta yakan sha don kara ko da ya san ba ta dace da jikinsa ba. Idan gidan Baba ne ko na Gwaggo wanda ka san likita ya hana shi zaƙi, ka duba jadawalin da ke bayan kwalba ka zaɓi na tuffa, wanda sukarinsa ya fi kusa da giram 10 zuwa 11, ka haɗa da kwalbar ruwa mai gas marar zaƙi domin a sirka masa rabi da rabi, ko kuma ka canza kyautar gaba ɗaya zuwa gahawa da turare.

Game da kuɗi, a ganina wanda ya ware riyal 20 zuwa 40 domin kwalba ɗaya mai cin mililita 750 ya ware abin da ya isa, kuma abin da ya haura haka da yawa ba inabi ake saye da shi ba. Kwalba mai kauri tana da nauyi, nauyi kuma kuɗin jirgi ne daga Faransa ko Sifaniya ko Afirka ta Kudu zuwa tashar Jidda ko Dammam. A kan wannan akwai kuɗin takardar wuya da waya da kwali da suna. Akwai kuma haraji, domin a 2017 gwamnati ta sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemuka masu gas, a ƙarshen 2019 ta faɗaɗa shi zuwa abubuwan sha masu ƙarin sukari, kuma tun Yulin 2020 harajin saye ya koma kashi 15 cikin ɗari. Idan aka cire duk waɗannan, bambancin ruwan da ke cikin kwalbar tsaka-tsaki da na mai tsada ƙalilan ne. Abin da nake guje wa shi ne ƙasan kanta, inda arahar ta yi yawa har ta sa mutum shakka, domin da wuya a samu ruwan inabi zalla a farashin ruwan sukari. Ka kwatanta farashi da girman kwalba kuma, saboda akwai masu cin mililita 750 da masu cin ƙasa da haka waɗanda dogon wuyansu ke sa a ga kamar girmansu ɗaya. Manyan kantuna sun fi bakala, wato ƙaramin shagon unguwa, zaɓi da sabon kaya, kuma sukan yi rangwame gab da Ramadan da Sallah, lokacin da Vimto da sauran kayan sha suke cika ƙofar kanti. Waɗanda suka zo daga Najeriya sukan nemi sunayen da suka saba gani a bukukuwan Kano da Kaduna, kamar Eva da Chamdor, amma suna ba shi ne ma'auni ba, kowace kwalba a juya ta a karanta.

Duk wannan ilimin kwalba ne, sauran kuma ilimin mutane ne, wanda ya fi shi muhimmanci. Akwai gidajen da ko kusa ba sa son ganin wannan siffa a kan ledar cin abincinsu, ko da abin da ke ciki ruwan inabi ne tsarkakakke, saboda tana kama da kayan mashaya. Ba tsaurin banza ba ne, yana da tushe a wurin malamai, domin Imamu Gazali ya yi bayanin cewa idan mutane suka shirya majalisa irin ta mashaya, suka kawo kofunansu, suka sa mai zagayawa da abin sha, to an hana su wannan ko da abin da ke cikin kofunan halal ne, saboda kamanceceniya da masu ɓarna. Gidan malami, ko gidan surukin da ba ka gama sanin halinsa ba, ko gidan tsohuwar da ta shekara arba'in tana sallah a Harami, ba wuraren gwaji ba ne. Ga irin waɗannan akwai ruwan tuffa ko na inabi mai gas a kwalba ta yau da kullum mai murfin murɗawa, wadda ba ta da waya ba ta da ƙara, kuma sau da yawa ta fi araha. Kwalba mai waya ta fi dacewa da gidan aboki, da walimar kammala karatu, da sababbin ma'aurata, da taron 'yan uwa a istiraha, wato gidan shaƙatawa, inda kowa ya san kowa. Gidan rasuwa kuwa ba a kai ta sam, can ruwa da dabino da abinci ake kaiwa.

Launi da ɗanɗano abu ne mai sauƙi. Farin inabi da tuffa sun fi tafiya da abinci mai maiƙo kamar mandi da kabsa da gasasshen nama, domin ɗan tsaminsu yana wanke baki. Jan inabi ya fi zaƙi da nauyi, yara sun fi son sa, amma yana ɓata farar jallabiya da kafet idan ya zube. Idan ba ka san abin da gidan ke so ba, ka ɗauki fari.

Yawan kwalaben ma lissafi ne. Mililita 750 tana ba da ƙananan kofuna shida, kuma gidajenmu ba kasafai suke tsayawa a mutum shida ba, ballantana idan maza suna majalisa mata suna ciki. Kwalba ɗaya mai tsada da za ta ƙare kafin ta kai ɗakin mata ba ta kai biyu masu matsakaicin kuɗi ba, ɗaya fara ɗaya ja, ɗaya ta tsaya a waje ɗaya ta shiga ciki.

Kafin ka kai wurin biya, ka ɗaga kwalbar ga haske. Ruwan da ya kamata ya zama garau kada a ga gurɓata ko laka a gindinsa, wuyan kwalbar kada ya yi danƙo, takardar wuyan kada ta yage, murfin kada ya karkace ko ya ɗago. Danƙo alama ce ta yoyo, kwalbar da ta yi yoyo kuma iska ta shige ta, kuma ruwan zaƙi da iska ta shiga a ƙasa mai zafi yana iya fara tsima. Kada ka ɗauki wadda aka jera a jikin gilashin da rana ke duka. Zafin Makka da Madina yana wuce digiri 40 a watannin bazara, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka sosai, saboda haka kada ka saye ta da safe ka bar ta a but har la'asar. Zafi yana ƙara ƙarfin gas a kan murfi, yana kuma dafa ɗanɗanon. Ka sa sayenta ya zama aikin ƙarshe kafin gida, ka tsayar da ita a tsaye a cikin mota inda sanyin na'ura ke kaiwa. Wanda zai dawo daga tafiya kuma kada ya sayo irin wannan kwalba a filin jirgin wata ƙasa da nufin tsaraba, domin a can mai barasa da marar barasa suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a kanta ɗaya da ado iri ɗaya, kuma kuskure a nan ba ƙaramar magana ba ce a gaban jami'an kwastan.

Idan da nufin a sha a zaman ne, ka kai ta da sanyinta. Awa uku a firji ya isa ya sauko da ita zuwa digiri 6 ko 8, ko rabin awa a bokitin da aka haɗa ƙanƙara da ruwa. Kada a sa ta a ɓangaren ƙanƙara a manta, domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, kwalbar tana iya fashewa. Ka cire takardar farashi, ka goge kwalbar, ka sa ta a doguwar jakar takarda irin ta riyal kaɗan, ka ɗora ƙaramin kwalin dabino ko cakulan a gefe idan da hali. Wajen miƙawa, kalma ɗaya tana kawar da duk wani zato, musamman ga manya. Bayan an gaisa, sai ka ce, “Hajiya, ga wannan a sa wa yara a firji, ruwan inabi ne zalla, na duba bayansa.” Ita kuma ta ce, “Har da ɗawainiya haka? Allah ya yi albarka,” ta karɓa hankalinta kwance. Kada ka matsa a buɗe a gabanka, domin da zarar ta bar hannunka ta zama ta masu gida, su suka san lokacin da ya dace da ita.

In aka ce kai za ka buɗe, to ka yi shi a natse, domin murfin da gas ya tunkuɗo yana iya fita da gudun da ya kai kilomita 40 a awa, kuma likitocin ido sun san irin raunin da yake yi. Kada ka girgiza ta. Ka yaye takardar wuya, ka ɗora babban yatsanka a kan murfin kafin ka taɓa wayar, ka murɗa zoben wayar kamar sau shida har ta saki, yatsan nan kuma yana nan bai ɗaga ba. Ka rufa ƙaramin tawul a kai, ka karkata kwalbar bakinta yana kallon bango, nesa da fuskar kowa da fitila da yaran da suka zagaye ka suna jira. Hannu ɗaya ya riƙe murfin gam, ɗayan ya riƙa juya kwalbar daga gindi a hankali, za ka ji murfin yana turo tafin hannunka, sai ka riƙa sassauta masa kaɗan-kaɗan har ya fita da ɗan huci. Ƙarar da wasu ke so a ji ɓarnar gas ce kawai, ita ce kuma ɓangaren da ya fi kama da al'adar mashaya. Kwalba mai sanyi ba ta yin ambaliya, saboda ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, mai ɗumi kuwa rabinta a kafet take ƙarewa. Ka karkata kofi ka zuba kaɗan, ka jira kumfar ta kwanta, sannan ka ƙara. Kofin gilashi na gida ya wadatar.

Abin da ya rage a toshe shi da kyau a mayar firji, a shanye cikin kwana biyu ko uku. Wannan ya yi daidai da abin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas, cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma a ba wani ya shanye ko a zubar. Kwalbar da ta kwana a buɗe a kicin mai zafi, aka ji warinta ya canza ko ta yi wani tsami mai yaji, a zubar da ita.

Idan kuma taron babba ne, kuɗin kwalabe zai yi yawa, akwai abin da gidajen cin abinci a Jidda da Riyad suka daɗe suna yi wanda ake kira shampen ɗin Saudiyya, kuma kowa yana iya haɗa shi. Ana zuba ruwan tuffa mai sanyi kashi biyu a babban jug, a yanka tuffa da lemon zaƙi sirara a zuba, a ƙara ɗan lemon tsami da ganyen na'ana'a, a bar shi a firji kamar awa ɗaya domin ƙamshin ya shiga, sai lokacin da za a sha a ƙara ruwa mai gas kashi ɗaya da ƙanƙara. Wanda zai kai wannan gidan 'yar uwarsa ko abokinsa sai ya tafi da kayan a rarrabe, kwalin ruwan tuffa mai kashi 100 cikin ɗari, kwalbar ruwa mai gas a rufe, 'ya'yan itacen da na'ana'a a leda, a haɗa a can. Lita biyu ta ruwan tuffa da lita ɗaya ta ruwa mai gas suna ba da ƙananan kofuna fiye da ashirin, kuma sukarin kowane kofi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku.